An bar sukari ana dukan awara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan sam min fili, maganar tawa da ɗan tsawo, in ka ga ta yi yawa ka datse inda ka ga dama amma ka bar min lambobin yadda suke. Kuma a yi haƙuri da Sakkwatancin da zai riƙa kutso kai, abin da baki ya saba ne.

Ni malamin makaranta ne, bayoloji nike koyarwa a sakandare nan cikin garin Sakkwato, ba likita ba ne ni, gara in faɗa tun da wuri kar a ce na yi sojan gona. Abin da ya tayar da ni wata odiyo ce da ta zagaye guruf-guruf na WhatsApp kwanakin baya, wani bawan Allah da murya irin ta masu wa'azi yana ta rantse-rantse wai awara ita ke kawo ma mata kansar nono, wai kuma tana kashe ƙarfin maza har ta tsiro musu da nono, wai Turawa sun daɗe da sani shi ya sa sunka turo mana waken suya. Sau huɗu anka turo min ita rana ɗaya, har a guruf ɗin masallacinmu. Bai kama sunan likita ko ɗaya ba, bai faɗi ƙasa ba, "bincike ya nuna" kawai yake ta maimaitawa, can ƙarshe sai ga lambar waya, ashe wani shayi yake sayarwa mai wanke dafin awara daga jiki. Ka ji inda gizo ke saƙar.

Da na so in share, don irin waɗannan ba su ƙarewa, jiya ɗanɗanon miya ne yau awara gobe Allah kaɗai ya san wa za a kama. To amma akwai makwabciyarmu nan Mabera, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, da awarar nan take ci da su, da ita take biyan kuɗin Islamiyya. Duk wanda ya san sana'ar ya san ba wasa ba ce. Tun dare take jiƙa wake, da asuba yaro ya kai injin niƙa, a dawo ta tace ƙullun da ƙyalle tana matsa har hannu ya yi ja, ta ɗora madarar a babbar tukunya bisa murhu, in ta tafaso ta riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan sai ka ga abu ya tsinke ya taso sama guda-guda kamar cuku ruwan ya koma garai-garai, ta watsa albasa da tarugu, ta juye a buhu ta ɗaure ta danne da dutse. Dusar kuma ta tumaki. Kafin la'asar an yanka an fara suya, yara sun cika zaure kowa da canjinsa a hannu. Sati biyu bayan odiyon nan ko rabin abin da take yi ba ya ƙarewa. Sai ta shigo wurin mai ɗakina ta ce mata, "Don Allah ki tambayar min Malam, in da gaske guba nike sai ma mutane in bari, ba ni son in tashi gaban Allah da haƙƙin ɗiyan mutane." Wallahi Edita wannan magana ta tsaya min a rai, mace ba ta da komai sai tukunya da kasko amma haƙƙin mutane take tunani, shi kuwa mai odiyo yana can yana amsa waya.

Tsoron nan yana da asali, ba daga sama ya faɗo ba. A cikin waken suya akwai wani sinadari da ake ce ma aisofilabon, ƙirarsa ta yi kama da istirojin, wato sinadarin da jikin mace ke yi wanda ke tafiyar da al'ada da girman nono da sauransu. Kuma da yawa daga cikin kansar nono da istirojin ɗin nan take girma. To a ƙarshen shekarun 1990 wasu masana a Amurka sunka dasa ma ɓeraye ƙwayoyin kansar nono na ɗan Adam, sunka riƙa ba su wanga sinadari, sai ƙarin ya ƙara girma. Daga nan labari ya bazu, har likitoci da kansu sunka riƙa ce ma mata masu cutar su yi hattara da waken suya. Sai dai kama da wane ba ta wane. Ɓerayen nan an cire musu ƙwan haihuwa, kuma irin waɗanda ba su da garkuwar jiki ne, sannan jikin ɓera ba ya sarrafa sinadarin yadda namu ke yi, taruwa yake a jininsa fiye da namu nesa ba kusa ba. Shi kansa aisofilabon ɗin ƙarfinsa bai kama ƙafar na istirojin na gaske ba, yadda nike kwatanta ma ɗalibaina shi ne makullin wani gida da ya shiga kwaɗonka amma bai cika buɗewa ba, wani sa'in ma ya toshe ramin ya hana na gasken shiga.

Da anka koma kan mutane sai labari ya sha bamban. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bi mata 5,042 waɗanda anka riga anka tabbatar suna da kansar nono, ana rubuta abin da suke ci, anka buga sakamakon a 2009 a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. Waɗanda sunka fi cin kayan waken suya mutuwa a cikinsu ta yi ƙasa da kusan kashi 29 cikin ɗari, dawowar cutar kuma da kusan kashi 32, in an gwada da waɗanda ba su cika ci ba. A 2012 anka haɗa bayanan mata fiye da 9,500 na Sin da na Amurka, nan ma dawowar cutar ta yi ƙasa da kusan kashi 25 ga masu ci. Shi ya sa yau manyan ƙungiyoyin yaƙi da kansa na Amurka matsayinsu shi ne mace, ko tana da cutar ko ta warke, tana iya cin abincin waken suya daidai misali. Abin da ba su ba da goyon baya a kai ba shi ne kafso-kafso na sinadarin zalla da ake sayarwa a kwalba.

Amma fa kar wani ya ɗauki wannan ya je ya yi tasa odiyon ya ce awara maganin kansa ce. Irin wannan bincike bin mutane kawai ake ana kallon yadda ta kaya, kuma matar da ke cin awara kullum a Shanghai wataƙila ita ce mai cin ganye da yawa, mai tafiyar ƙasa, marar ƙiba, da wuya a ware wanne ya yi aikin. Sannan ragin kamuwa da cutar tun farko a matan Asiya anka fi ganinsa, waɗanda sunka tashi da abin tun yarinta, matan Turai da ba su ci sai jefi-jefi ba a ga wani bambanci a kansu ba. Abin da zan bugi ƙirji in faɗa shi ne an yi ma awara shari'a shekara da shekaru ba a kama ta da laifin ba.

Maganar maza kuwa ta fi ba ni dariya. A 2021 an tattara gwaje-gwaje 41 da anka yi ma maza, ba a ga waken suya ya rage sinadarin mazantaka ba. Akwai dai labarin wani dattijo ɗan shekara 60 a Amurka da likitoci sunka rubuta a 2008, nononsa ya kumbura, da anka bi diddigi ashe kusan lita uku ta madarar waken suya yake ɗirkawa kullum, da ya bari abin ya sauka. Lita uku fa. Ko furar Sakkwato ka sha haka kullum sai ka ga abin da ka gani. Kuma mutanen Sin sun fi shekara dubu suna cin awara, yau sun haura biliyan ɗaya da miliyan 400, in da tana kashe maza to wa ya haife su?

Ta fannin kitsen jini da suga ma an ɗan zuzuta ta a wani lokaci. A 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kaya cewa giram 25 na furotin ɗin waken suya a rana na iya rage haɗarin ciwon zuciya, sai a 2017 ita da kanta ta dawo ta ce tana son janye maganar don hujjojin suna cin karo da juna. Da anka sake lissafi sai anka ga ragin mugun kolestarol ɗin kashi 3 ne zuwa 4 cikin ɗari, akwai shi amma ɗan kaɗan ne. Ni a ganina amfanin awara gare mu ya wuce nan. Busasshen waken suya kusan kashi 40 cikin ɗarinsa furotin ne, sitacinsa kaɗan, ba ya harba suga sama yadda burodi da farar shinkafa ke yi, shi ya sa mai ciwon suga ke samun sauƙi da ita. Kuma kowa ya san nawa nama yake a kasuwar Kara yanzu, nawa ƙwai yake, gida nawa ne ke iya ba yara nama ko sau ɗaya a sati? Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tun shekarun 1980 take koya ma mata sarrafa waken nan a gida saboda wannan dalilin, manoman Binuwai da Kaduna ke noma shi ba wani Bature ba. A jihar da tamowa ke cin yara kamar tamu, inda ma'aikatan lafiya ke roƙon uwaye su haɗa garin waken suya da gero da gyaɗa su dama ma yaro kunu, wanda ya tsorata mutane da shi ya faɗa mana me zai ba su a madadinsa.

In za a kama awara da laifi to a kasko za a kama ta. Man da anka soya jiya anka soya shekaranjiya, ya yi baƙi ya yi kauri yana kumfa, sai dai a ƙara sabo a kai, wannan man ya lalace kuma yana fitar da abubuwan da ke cutar da jijiyoyin jini, ita kuwa awara shan mai gare ta kamar soso, ga wasu sai an tsoma ta a ƙwai an sake soyawa. Na faɗa ma makwabciyata haka ƙiri-ƙiri, ta ce Malam ka san kuɗin mai kuwa, na ce na sani, a rage yawan da ake zubawa a kaskon yadda zai ƙare a suya ɗaya ko biyu. A gida kuma ana iya jefa ta a miya ba sai an soya ba, mai ɗakina na yi mana haka da alayyahu kuma yara ba su bari. Sai madarar, dole ta tafasa sosai, ɗanyen waken suya na da abin da ke hana narkar da furotin, zafi ke kashe shi. Wanda kuma likita ya ɗora a kan ƙwayar maƙoƙo ya ba da tazarar awowi tsakaninta da abincin waken suya don yana rage shigar maganin jiki, a kuma riƙa amfani da gishiri mai aidin. Iyakar laifin ke nan.

Yanzu bari in juyo kan wanda anka ɗauka waliyyi, wato shayi. Nan garin ba ka tafiyar minti biyar ba ka ga teburin mai shayi ba, daga Tsohuwar Kasuwa har Runjin Sambo har Arkilla, ga kuma shayin Buzaye da ya zama ruwan dare, kowace majalisa da 'yar butarta da gawayinta da ƙananan kofunan gilashi, na farko mai ɗaci na biyu na uku, samari har gasar kumfa suke. Kuma za ka ji ana cewa yana narka kitse, yana wanke jini, yana maganin daji. Baƙin shayi da kore itace ɗaya ne, ana ma noma shi a tsaunin Mambila a jihar Taraba, sarrafawa ce ta raba su, baƙin an bar ganyen ya sha iska ya rine, koren an yi masa zafi da wuri ya tsaya da launinsa. Wanda Buzaye ke dafawa koren ne, daga Sin ake kawo shi.

Ganyen shi kansa ba shi da laifi, har da ɗan alherinsa. A Japan an bi mutum 40,530 har shekara 11, anka buga a 2006, masu shan koren shayi kofi biyar ko fiye a rana mutuwa ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ta yi ƙasa a cikinsu, amma mutuwa ta cutar kansa ba a ga bambanci ba. A Birtaniya ma a 2022 an duba kusan mutum rabin miliyan, masu shan baƙin shayi kofi biyu zuwa sama mutuwa ta ragu da kashi 9 zuwa 13. Kan cutar kansa kuwa a 2020 masana sun zauna sun tace bincike 142 da ya shafi mutum sama da miliyan ɗaya kan koren shayi, sunka ce sakamakon ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, wani ya ce ya rage wani ya ce bai rage ba. Rage ƙiba ma haka, abin da ake gani bai taka kara ya karya ba. Kuma a lura, mutumin Japan ba ya sa sukari ba ya sa madara a koren shayinsa, ruwa ne da ganye. Mu namu fa?

Ni dai a kaina na gani. Bara bayan ƙaramar salla na je anka auna ni, likita ya ce suga na bakin ƙofa, bai shigo ba amma ya yi sallama. Ni da ba na shan lemon kwalba sai na yi ta mamaki. Ya ce in je in rubuta duk abin da ke shiga bakina na kwana uku. Washegari da safe na tsaya gaban mai shayin bakin layinmu, mutumin kirki mun fi shekara goma tare, na zuba ma hannunsa ido karon farko a rayuwata. Babban cokali ya tsoma a robar sukari ya ciko shi da tozo, ɗaya, biyu, uku, ya kawo garin koko na gwangwani wanda shi ma sukari ne ya fi yawa a ciki, ya tsiyaya madara, sannan ruwan ganyen ya biyo baya kamar ɗan rakiya. Na ce masa wanga duka nawa ne? Ya ce, "Malam ai kai ka ce a yi ma mai kauri, mi na rage ma?" Babban cokali ɗaya ƙarami uku ne, ka ga tara ke nan tun ba a lissafa tozon da garin koko ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce babban mutum kar ya wuce kamar giram 50 na sukari a rana, wato ƙaramin cokali 12, in so samu ne ma ya tsaya a 6. Ni kafin ƙarfe takwas na safe na cinye rabon yini, ga rabin burodi a kai, da dare kuma in zauna majalisa a miƙo na farko da na biyu da na uku, kuma duk wanda ya ga yadda ake ɗura sukari a 'yar butar nan ya san kumfar ba banza take tashi ba. Gwamnati ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon kwalba a 2022 wai don a rage shan zaƙi, to robar mai shayi wa zai sa mata haraji?

Ba sai mun je Japan ba a nan. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun auna Fulanin cikin garin Sakkwato sunka samu kusan 5 cikin ɗari da ciwon suga, sunka je sunka auna na ƙauye bai kai 1 cikin ɗari ba. Jini ɗaya, kakanni ɗaya, abin da ya bambanta shi ne cima da zama wuri ɗaya. Kuma hanyar da sukari ke bi ya kai ga cutar kansa ta nan take, ta ƙiba da teɓa. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta bayyana a 2016 cewa kitsen da ya yi yawa a jiki na da alaƙa da kansa iri 13, ciki har da ta hanji da hanta da ƙoda da mahaifa da ta nono ga matan da sunka daina al'ada. Mu kuwa har yau in mutum ya aje tumbi sai a ce hutu ya zauna masa.

Sai zafi, wanda shi ne ba wanda ke maganarsa. A 2016 ɗin dai wannan cibiya ta sa abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo kansar bututun abinci, wanda ya tashi daga maƙogwaro zuwa ciki. Ba ruwansu da ko shayi ne ko kunu ko koko, ƙunar ce ke ta ɗaye fatar wurin tana warkewa tana sake ƙonewa shekara da shekaru. A lardin Golestan na arewacin Iran inda cutar ta yi katutu an bi mutum 50,000 kusan shekara goma, har auna zafin shayin da kowa ke sha anka yi, masu shan abin da ya kai mililita 700 a rana da zafin digiri 60 zuwa sama haɗarinsu ya ƙaru da kashi 90 cikin ɗari. Wani bincike da ya riga shi a can ya nuna mai kurɓa kafin minti biyu da zubawa haɗarinsa ya kai ninki biyar na mai jiran minti huɗu. A Sin kuma an ga mai haɗa shayi mai ƙuna da taba nasa ya ninka na wanda ba ya ko ɗaya. Da ɗarin bana na ɗauko ma'aunin zafi na ɗakin gwaji na makaranta na tafi da shi teburin mai shayi, mutane na ta dariya wai Malam zai yi ma shayi allura. Kofin da ya miƙo min ya haura 70. Kusa da ni wani ɗan kabu-kabu ko sauka bai yi daga mashin ba, ya karɓa ya kafa kai yana yamutsa fuska yana haɗiya don fasinja na jira. Na ce a sheƙa min nawa tsakanin kofi biyu yadda sunka iya, ya ɗaga hannu sama yana tsiyayowa, sau biyar sau shida, na bar shi ya ɗan zauna, sai ga shi ya sauko ƙasa da 60. Ko kobo ban ƙara ba. Dama can malamai na karantar da mu a bar abinci ya huce kafin a ci, mu ne dai da gaggawa.

Akwai kuma na mata da nike son uwayen gida su ji. Shayi na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini, irin wanda ke cikin wake da ganye da hatsi, in an sha shi tare da abinci yana iya rage fiye da rabi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini, kuma jiharmu na sahun gaba a wannan. To ka ga mai ciki ko mai jego da za ta ci ƙosai ko awara ta kora da ruwan bunu mai ƙarfi ta yi ma kanta asara ba ta sani ba. A ba da tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, ƙwayar ƙarin jini ta awon ciki kuma a sha ta da ruwa, in da lemo a ci ya fi, shi yana taimaka ma shigarta.

Shayin rage ƙiba da na wanke jiki da ake talla a Facebook da TikTok kuwa, da yawansu ganyen filasko ne ke aiki a ciki, zawo mutum zai yi ta yi, ruwa ya fita sikeli ya sauka kwana biyu a ce magani ya ci. Kafson koren shayi shi ma ba abin wasa ba ne, hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa miligiram 800 zuwa sama na sinadarinsa a rana na iya taɓa hanta. A ƙasar da kusan 8 cikin ɗari na manya ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawanci ba su ma sani ba, ka ga ana wasa da wuta kusa da fetur.

Abin da ke ƙona min rai shi ne muna ɓata ƙarfinmu wurin da ba nan take ba. A 2022 an ƙiyasta mata sama da 32,000 sunka kamu da kansar nono a Najeriya, sama da 16,000 sunka rasu, kuma babban dalilin yawan mutuwar shi ne ba a zuwa asibiti sai abu ya ci ya cinye, ana can ana shafe-shafe da turare ana cewa jifa ne ko daji ba a taɓa shi da ƙarfe. Alhali nan garin akwai sashen masu kansa a asibitin koyarwa. Matar da ta ji ƙullutu a nononta ta bar cin awara ta zauna gida ba abin da ta tsare. Kansar hanta kuma galibi ciwon hantar nan ne ke kawo ta da dafin fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba, ga riga-kafin ciwon hantar ana yi ma jarirai kyauta, ban taɓa jin wanda ya yi odiyo a kan wannan ba.

Roƙona gare ka Edita, ku ware ko rabin shafi ne a sati, duk jita-jitar abinci da ta fito ku kai ma likitoci da masana abinci na jami'o'inmu su amsa da Hausa, da sunansu da wurin aikinsu, ku kuma sa a rediyo in da hali don masu awara da masu shayi ba su da lokacin karatu.

Makwabciyata dai ta ci gaba da sana'arta, ciniki ya fara dawowa tunda yara ba su san odiyo ba sai yunwa, ta kuma sayi ƙaramin kasko. Ni kuma sugana ya ja baya da na koma awo bayan wata shida. Mai shayinmu yanzu in ya hango ni tun daga nesa sai ya ce ma yaronsa, "Kai, na Malam, cokali guda ƙarami, a sheƙa shi har shi gaji." Mutum uku a bencin sun fara cewa a yi musu irin na Malam, ɗan kabu-kabun nan dai har yau bisa mashin yake shan nasa.

Naku,
Wani malamin bayoloji,
Mabera, Sakkwato.